Neman shawara: a ina zan riƙa samun nama mai sauƙin kuɗi don karnukana biyu?

Mai tambaya, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu shiru, yau dai tura ta kai bango.

Ina zaune a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda tsakaninka da maƙwabci sai ka ƙirga kango biyu ko uku. Shekara huɗu da suka wuce aka haura mana katanga sau biyu a wata guda, dalilin da ya sa na kawo kare ke nan. Don gadi na kawo shi, amma yanzu ya zama ɗan gida. Shi ke raka yara bakin ƙofa da safe, shi ke fara jin ƙarar mashin ɗina tun ina kwanar layi. Ruwa biyu ne, uban jinsin Jamus irin na 'yan sanda, uwar 'yar ƙasa, kuma da aka auna shi wajen allurar bara kilo 28 ne. Sai ga shi wata biyu da suka wuce wani abokin aikina da aka yi wa canjin gari ya bar mini 'yar kwikwiya. Watanta huɗu yanzu, ita ma babban iri ce, da ganin dagin ƙafarta ka san za ta yi jiki.

A da abincin buhu na waje nake saye. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta zube, kuɗin buhun ya yi ta hawa har ya fi ƙarfina, albashi kuwa kun san halin da yake ciki. Na koma tuwon masara da ɗan romo. Babban ya rame, gashinsa ya dusashe, har haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Daga nan na shirya da wani gidan abinci suna tara mini ragowar faranti a bokiti. Mako biyu muka yi ya kama zawo. Ranar da na juye bokitin na duba, tsinken sakace uku na tsinta da ledar Maggi. Na daina.

Yanzu kuma wani mai gonar kaji kusa da mu ya ce in riƙa zuwa da safe ina kwasar waɗanda suka mutu da dare, kyauta. Raina bai kwanta ba, amma aljihu yana cewa in je.

Don Allah masu sani, a ina ake samun nama mai araha wanda ba zai cutar da su ba? In na je mayanka me zan ce a ba ni? Kuma yaya zan adana shi, tunda wutarmu sai ta ga dama take zuwa?

Wani matashi, Mando:

Yaya, abbatuwa kawai za ka nufa da sassafe. Ni can nake saye.

Barunje, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam, ni a fawa na tashi, ita ubana ya yi, ita kakana ya yi. Yaron nan ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. In ka je haka kawai ka ce a ba ka naman kare, za ka dawo da leda ɗaya da ɓacin rai.

Ka fara cire tunanin cewa akwai wani tulin nama da muke zubarwa. A wajenmu saniya ba ta da abin yarwa. Fata ta tafi ganda, kai da ƙafa masu farfesu na tsaye suna jira, tumbi da hanji na masu abinci ne, ƙashi da ƙaho akwai masu sayensu buhu-buhu, jinin ma ana dafa shi a shanya don abincin kaji, abin cikin tumbi kuwa manoman rani ke kwashewa. Duk abin da kake so wa karenka, akwai ɗan Adam ɗin da ke son sa wa tukunyarsa. Saboda haka abin da za ka nema shi ne wanda masu sayensa ba su da yawa.

Ka tambayi huhu, saifa, hantsa, maƙogwaro, sai kuma guntattakin da ke taruwa a kan teburi lokacin da ake gyara tsoka: jijiya, tantani, 'yan yanke-yanke. Wannan na ƙarshen ya fi duka amfani, don nama ne sosai, kyan gani kawai ya rasa. Huhu kuma kada ya ruɗe ka. Yana cika ido, ka ga kashi ɗaya kamar zai yi kwana uku, amma iska ce, yana shiga tukunya zai ƙanƙance. Ka riƙa ɗaga leda ka ji nauyinta kafin ka biya.

Lokaci biyu ne. Ko ka zo da safe ana gama fiɗa, ka zaɓi mai kyau, ko ka bari sai yamma liƙis ka bi teburan cikin kasuwa. Mahaucin da ba shi da firiza babu abin da yake tsoro kamar kwantai, abin da ya hana ka da rana da kansa zai kira ka ya ba ka a rabin kuɗi gab da magariba. Sai dai na yamma a daren za a dafa shi, ba ya kwana.

Abu mafi muhimmanci, ka kama mutum ɗaya. Kada yau ka je wajen wannan gobe wajen wancan don bambancin naira ɗari biyu. Ka ba shi kafin alƙalami, ka bar masa bokiti mai murfi, ka sa ranakun zuwa, ka kuma cika alkawari. In ya san Talata da Asabar kana tafe, shi zai riƙa tsinto maka daga teburan abokansa. In kuma abin zai yi yawa, ka sa a kai ka ka gaida Sarkin Fawan wurin ko wakilinsa. Gaisuwa ce kawai, amma ranar da aka yi maka ba daidai ba ka san inda za ka kai ƙara.

Gargaɗi ɗaya. Kana furta cewa na kare ne, wani yaro zai ja ka gefe ya nuna maka abu a buhu, ya ce ka ba da ko nawa ne. Sau da yawa abin da malaman duba nama suka hana ne aka zagaya da shi ta baya. Haka nan za a yi maka tallan ɗan tayi, wato wanda aka ciro daga cikin saniyar da aka yanka da ciki. Masu karnuka da yawa suna saye don ya fi komai araha. Ni dai ba na ba da shi, amma akwai Likita a zauren nan, ita za ta fi ni bayani.

Mai gonar kaji, hanyar Zariya:

Ranka ya daɗe, kyautar nan ka ce ka gode, ka bar masa abinsa. Ni ma kaji nake kiwo, na san dalilin da ya sa ake irin wannan kyauta: haƙa rami da binnewa aiki ne, kai za ka ɗauke masa.

Kazar da aka wayi gari aka tarar a mace, ko ni mai ita ban san abin da ya kashe ta ba sai an buɗe. Wata zafi ne, wata 'yan'uwanta suka danne ta, wata kuwa farkon annoba ce. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jiharmu ta fara bayyana a 2006, karon farko a Afirka baki ɗaya, kuma tun daga lokacin takan tafi ta dawo. Ban da haka, kazar da ta yi jinya kafin ta mutu cike take da maganin da aka yi ta ɗura mata a ruwa. Sannan karen da ya saba da kaza da gashinta, ranar da ya kuɓuce kajin maƙwabta za su gane kurensu, kai kuma ka biya.

In kana son cin moriyar mutumin, ka ce ya riƙa sayar maka da fasassun ƙwai. Kowace gona tana da su kullum, kuma ba sa jiran gobe, don haka da sauƙi ake ba da su. Ka dafa ka marmasa a tuwo. Na biyu, ka je wajen 'yan figa a kasuwa, musamman masu gyara wa otal-otal da masu biki kaji da yawa a lokaci guda. A nan kai da ƙafa da wuya da hanji suke taruwa. Ka je da wuri, don masu kiwon tarwada su ma hanjin suke bi.

Wani ɗan zaure:

Subhanallahi. Mutane na kwana da yunwa, marayu sun cika gari, mu kuma muna nan muna tattauna naman kare. Allah Ya shirye mu.

Malamin islamiyya, Rigasa:

Amin, ɗan'uwa, kuma tunatarwarka tana kan hanya, haƙƙin maƙwabci mai yunwa bai faɗi a kan kowa ba. Amma kada mu ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Hadisi ya yi izinin riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata, shi kuwa sau biyu aka haura masa. Duk wanda ya ɗaure dabba, ciyar da ita ya hau kansa. Mun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, mun kuma san mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da zan ƙara wa mai tambaya kawai: ya ware musu kwanonsu da tukunyarsu, kada a haɗa da na gida.

Mai kula da zaure:

Mun gode Malam. A tsaya a kan tambaya don Allah.

Likitar dabbobi, Zariya:

Sannunku. Sai yanzu na samu zama. Malam mai tambaya, bari in fara da lissafi, don ina zargin kana tsorata kanka da yawan naman da ba ka buƙata.

Kare ba zaki ba ne, cikinsa yana narkar da dafaffen hatsi sosai. Babban naka mai kilo 28, in kana haɗa masa da tuwo ko tsakin shinkafa, naman da zai ci a rana bai wuce giram 300 zuwa 400 ba, wato kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da ke kwanonsa. A wata kilo 9 zuwa 12 ke nan, kuma ranar da aka samu ƙwai ko kifi sai a rage. Ramar da ya yi ba don ya rasa tsoka zalla ba ne, don romo ruwa ne mai ƙamshin nama, babu abin gina jiki a cikinsa.

Jerin da Barunje ya kawo yana da kyau, da gyara uku. Hanta, in ka samu, kaɗan ake sa wa, kamar kashi ɗaya cikin ashirin na abincin, don bitamin A ya yi mata yawa, yana taruwa a jiki ya yi illa, ga shi tana sa zawo. Maƙogwaro kada ya zama na kullum, akwai wata halitta manne da shi da ke sarrafa ƙonewar abinci a jiki, karen da ke cin ta yau da gobe sai ka ga yana ci yana ramewa, yana haki, ba ya zama wuri ɗaya. Kitse kuma a rage, hantsa tana da shi da yawa. Kwano ɗaya na kitse zalla yana iya kwantar da kare da amai da ciwon ciki mai tsanani.

Ɗan tayi: a'a. Cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, a mahaifa da ɗan tayi take zama, kuma tana kama mutum. Kai da za ka yanyanka shi da hannu, kai ne a gaba wajen ɗauka, zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa wanda ake ta sha masa maganin maleriya a banza. Mushe kuma ko kusa. Ku tuna a watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar saifa, wadda ake kira antiraks, a wata gona a Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura kuma ba ya daskarewa, ba a ko feɗe ta. Tafasawa irin ta gida ba abin dogaro ba ce a kan wannan ƙwayar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa a dafa, a dafa, a dafa. Wani lokaci za ka ga ƙullutu mai ruwa a cikin huhu ko hanta, kamar ƙaramin balan-balan, an fi ganinsa a raƙumi da tumaki, shanu ma suna da shi. 'Ya'yan wata tsila ce a ciki. In kare ya ci ɗanye, tsilar takan girma a hanjinsa, ƙanƙanuwa ce, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, shi kuma ba zai nuna alamar komai ba. Amma ƙwayayenta suna fita a kashinsa, su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya shafa kare ya kai hannu baki, shekaru bayan nan sai a ga irin wannan ƙullutun a hantarsa ko huhunsa, wani sai an yi tiyata. Ka ce shi ke raka yaranka bakin ƙofa. To duk abin da ka ga ƙullutu ko ƙuraje a jikinsa kada ka saya, wanda ka saya kuma ka yayyanka ƙanana ka tafasa minti 30 zuwa 40. Kan rago ma haka, ɗanyen ƙwaƙwalwa tana ɗauke da wata tsilar. Duk wata uku a ba su maganin tsutsa mai ɗauke da firazikwantel, don ba kowane maganin tsutsa ke kashe tsila ba.

Ragowar gidan abinci kuwa, ba tsinken kaɗai ba ne matsalar. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma wace miya ce tamu babu albasa?

Sai 'yar kwikwiyar. A nan nake roƙonka kada ka yi tsimi. Nama da hatsi ba su da kalsiyam ɗin da ƙashi ke buƙata. Kwikwiyo babban iri da aka raina da tuwo da nama zalla, kafin wata bakwai za ka ga ƙafafun gaba sun gwame, wani ƙashin ma ya karye daga ɗan tsalle. In kuma ka cika mata kalsiyam da ka, shi ma yana ɓata gaɓɓai. Awon yana da wuya a gida. Shawarata, kuɗin da ka rage a kan babban ka mayar kanta: aƙalla rabin abincinta ya zama na buhu na 'yan kwikwiyo har ta shekara. Ba dole sai na waje ba, ana yin abincin kare a nan gida Najeriya. Shi babban, ka busar da ɓawon ƙwai ka daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na abinci.

Kuma tunda ta kai wata huɗu, in ba a yi mata allurar haukan kare ba a yi yanzu. Ana yin allurar a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, asibitocin dabbobi na gwamnati sukan samu.

Tsohon mafarauci, Birnin Gwari:

Jikana ne ke rubuta mini. Likita 'yata, Allah Ya ƙara ilimi, amma ni shekara arba'in ina da karnuka, ba su taɓa yin ƙasa da biyar ba. Ƙanzo suke ci da dusa da kunun da ya kwana. In mun kashe gada ko zomo, a nan take nake buɗe ciki in jefa musu, da ɗuminsa. Ban taɓa hura wa kare wuta ba, kuma sun yi gudun da na Turawan nan ba za su iya rabinsa ba. Ni a ganina matsalar yaron nan irin karen da ya ɗauko ne. Na ƙasa ba ya wannan tsirfar. Ba a kiwon kare ranar farauta, haka ne, amma kuma ba a mayar da shi ango.

Likitar dabbobi, Zariya:

Baba, ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya. Maganarka a kan ɗan ƙasa gaskiya ce, ya fi juriya, ya fi ƙaramin ci, kuma duk mai tambayata irin da zai ɗauka shi nake fara nuna masa. Amma naka suna yawo a daji, suna kama ɓera da ƙadangare da fara, suna cike giɓin da kansu. Nasa a cikin katanga suke, abin da aka zuba musu shi ke nan. Sannan dahuwar da nake cewa ba don karen ba ce, shi lafiyarsa ƙalau zai ci gaba da gudu. Don jikan nan naka ne mai riƙe da waya.

Tsohon mafarauci, Birnin Gwari:

To, na ji wannan.

Uwargida, Jos:

Ni uku gare ni, kuma ni ke dafa musu, maigida saye kawai ya sani. Ga yadda nake yi, ko zai yi maka amfani, Malam.

Kan kaji da ƙafa da wuya su ne ginshiƙina. Matsalarsu ƙashi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar allura, mun taɓa kwana a tsaye a kan wata karyata saboda shi. Abin da na koma yi: in yanke farata da baki, in wanke, in ɗora a kan gawayi in bar shi ya yi ta dahuwa har sai ƙashin yana murƙushewa tsakanin yatsu biyu. Da tukunyar nan mai tururi awa ɗaya da ɗan wani abu ya isa, da ta gargajiya kuwa sai ka ba ta rabin yini. Sannan in zuba a turmi in kirɓa. Turminsu daban ne, kada ka kai wa mai markaɗen unguwa, rigima za ka jawo. A cikin ruwan dahuwar nake tuƙa tsakin masara, in yanka kabewa ko dankalin Hausa ko karas ɗin da ya fara yaushi, wanda masu gwari ke bayarwa kusan kyauta. Ba gishiri, ba yaji, ba albasa. Likita, ranar da aka kirɓa da ƙashi haka ai ba sai an ƙara ɓawon ƙwai ba ko?

Ajiya kuma, mu a nan sanyin gari yana taimakonmu, ku Kaduna sai dabara. Ki dafa, au, ka dafa sau biyu a mako maimakon sau ɗaya. Ka ƙulla na kowace rana a ledarsa. Akwai mai sayar da ƙanƙara a layinmu, injinsa ba ya mutuwa, nake ba shi ɗan wani abu duk wata ya ba ni kusurwa ɗaya a firizarsa. Na gaya masa ko mene ne tun farko, kuma a roba mai murfi nake kai wa. In babu irinsa kusa da kai, ka riƙa tafasa abin da ya rage safe da yamma kamar yadda ake yi wa miya, zai kai kwana biyu.

Kifi ma kada ka manta. Masu yanka kifin kwali suna tara kai da jela, masu busasshe kuma suna da ɓarɓashin ƙasan kwando. Na tarwada ka cire ƙayar gefen nan mai tsini kafin komai.

Likitar dabbobi, Zariya:

Haka ne Hajiya, in an kirɓa da ƙashi a bar ɓawon ƙwai. Ɗaya ake yi, ba duka biyu ba. In kika ga kashinsu ya yi fari ya bushe kamar alli, ƙashin ya yi yawa, a rage.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Ku duba wajen masu kilishi. Kafin su shimfiɗa nama sai sun cire duk jijiya da tantani da kitse, don kilishi ba ya son su, kuma tsoka mai kyau suke saye, saboda haka abin da suke cirewa mai tsabta ne. Ka karɓa tun kafin a tsoma a labu, in yaji ya taɓa shi ya tashi daga na kare.

Sannan shanya. Mu nan wuta ba ta dame mu a kan wannan ba. Ka tafasa huhu, ka yanka shi siri-siri, ka rataya a igiya inda iska ke bi, cikin hunturu kwana biyu ya bushe ƙarau, ya yi wata da watanni a buhu. Ranar da babu sabo sai ka jiƙa ka zuba a tuwo. Da Babbar Salla huhu da saifa da maƙogwaro suna yawa a gidaje, wasu ba su san yadda za su yi da su ba, ka bi 'yan'uwa ka roƙa. Sai dai a 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa bakin damina, don haka banda za ka yi a kan waya da hayaƙi kaɗan-kaɗan, in ka shanya ƙuda zai riga ka.

Baba mafarauci bai yi ƙarya ba. Karnukan Buzaye na yankin Azawak, dogayen nan marasa tumbi, yawancin abincinsu gero ne da nono, kuma suna kamo barewa.

Uwargida, Jos:

Wani tunani ya zo mini. Ku na Kaduna da ke zauren nan, me zai hana ku yi watanda? Yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a raba da Salla, ku haɗa ku huɗu ko biyar ku saye huhu da saifa da guntattakin teburi biyu ko uku gaba ɗaya. Mai saye da yawa shi ke yanka farashi, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa zuwa kowane mako, kuɗin mai ya ragu.

Mai tambaya, Kaduna:

Assalamu alaikum. Yau mako uku, na ga ya kamata in dawo in faɗi inda aka kwana. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Mai gonar kaji na ba shi haƙuri a kan mushen, na ce ya riƙa ajiye mini fasassun ƙwai. Da farko ya ɗan ɓata fuska, yanzu kuwa shi ke kirana. Na samu mahauci ɗaya na bar masa bokiti, Talata da Asabar. Zuwan farko aka ja ni gefe kamar yadda Barunje ya faɗa, har buhun ma na gani, na ce na gode. Zuwa na biyu da idona na ga ƙullutun da Likita ta kwatanta a jikin wani huhu, mahaucin ya sa wuƙa zai yanke wurin ya ba ni sauran, na ce a canja mini gaba ɗaya. Ya yi mini kallon wanda ya cika iyayi, amma ya canja.

Abin da nake kashewa a kan babban yanzu bai kai rabin kuɗin buhu ba, har da gawayi. Haƙarƙarin ya fara ɓuya. 'Yar kwikwiyar na sayo mata ƙaramin buhu, rabi shi rabi dafaffe, an kuma yi mata allura, su biyun sun sha maganin tsutsa.

Inda na sha wuya gida ne. Uwargida ta ce warin dafaffen huhu ba zai shiga kicin ɗinta ba ko da wasa, don haka na sayo tsohuwar tukunya wajen 'yan gwangwan, na kafa murhu bayan gida kusa da tanki, ni ke fifita wuta da kaina bayan isha'i. Yara sun sa mini suna mai abincin karnuka. Turmi ne har yanzu ban samu ba, don haka kan kaji sai nan gaba.

Maganar watanda kuma, mu uku ne yanzu, da matashin Mando da wani bawan Allah daga Kawo. Muna neman ƙarin mutum biyu. Mai so ya yi mini magana ta gefe kafin Alhamis.

Barunje, Tudun Wada:

Madalla. In kun cika biyar ku gaya mini in yi wa yaran magana tun daren Juma'a. Asabar ku iso kafin bakwai da rabi, kowa da bokitinsa mai murfi da canji a hannu. Kuma Malam, wannan karon kada ka zo da farin yadi da takalmin ofis.